Hannun Inno Mairo da Goshin Zakiyya

Duk macen da ta girma a Sabon Ibadan ta san barandar Inno Mairo, ko da ba ta taɓa zama a kanta ba. Idan ka baro titin 'yan canji ka kutsa lungun da ke bayan masu tsire, akwai wani tsohon bene da tsatsa ta gama cinye kwanonsa. A ƙasansa akwai baranda, a barandar akwai kujera 'yar tsugunno da tabarma da gwangwanin man kaɗe. Nan Inno Mairo ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kitso. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa reza. Girki dai kada ma a tayar da maganar. Tuwonta har gobe da gudaji, shi ya sa mijinta Malam Dabo, mai albasa a kasuwar Shasha, yake tsayawa a hanya ya narki amala, ya iso gida yana dafe ciki wai ba ya jin daɗi. Amma idan ta kama kai, to sai dai a yi shiru a zuba ido.

Abin taƙamarta ɗaya ne, kuma babu wanda bai haddace shi ba a layinmu: hannunta bai taɓa cin goshin 'yar kowa ba. Ba ƙaramar magana ba ce a garin nan. Ka shiga keke mai ƙafa uku ka duba matan da ɗankwalinsu ya zame, za ka ga goshi ya yi tafiya har tsakiyar kai saboda jan kitso, irin waɗanda Yarbawa ke tsokana da iya Eko. Inno takan ce a kawo mata mace ɗaya da ta tashi daga tabarmarta ta zama haka, ita kuma ta jefa kibiyar kitsonta a kwata.

A unguwar Mokola ta koyi sana'ar. Tana yarinya ake ɗora mata tallan goro, sai ta ajiye farantin a shagon wata Bayarabiya mai suna Iya Madina ta yi ta kallo har goron ya bushe. Da dukan gida ya ƙi yi mata magani, aka bar ta can. Abu na farko da Iya Madina ta koya mata ba tsaga ba ce. Kafin a taɓa kai, sai a zare silin gashi ɗaya daga mataji, a tsoma shi a ruwa, a naɗe shi a yatsu biyu, a ja a hankali. Gashi mai rai yana da danƙo, zai biyo ka kaɗan, ka sake shi ya koma inda yake. Wanda ya bushe tas yake tsinkewa kamar zaren tsohon zani. Wanda man miƙar da gashi ya dafa kuwa sai ya yi ta tafiya kamar cingam, ba ya dawowa. Iyakar yadda silin nan ya biyo ka, iyakar jan da kan zai ɗauka ke nan. Ido ba ya ganin wannan, in ji Iya Madina, yatsa ne ke ji. Idan Mairo ta yi garaje, mataji ne a bayan hannu.

Da wannan gwaji Inno ta yi suna, da shi kuma ta yi maƙiya. Mace za ta ci ado ta zo da hoton kitso a waya, Inno ta ja sili ɗaya ta ce mata tashi, je ki ba kan nan mai da ruwan karkashi, ki dawo idan ya farfaɗo. Har matar wani babban ɗan canji ta taɓa kora. Maƙwabciyarta Haulatu mai koko, wadda suke wasan Kano da Zazzau da ita duk da babu wadda ta taɓa taka garin kakanninta, ita ta raɗa mata likitar kai. Takan leƙo ta katanga ta ce, yau mutum nawa aka ba gado a asibitin? Inno ta ce ta matso a duba nata, ko da yake abin da ke kan Haulatu ba gashi ba ne, soson wanke tukunya ne.

Haka aka yi ta tafiya har ciwon suga ya shigo. Ƙishirwa ta fara yawa, aka je asibiti, aka ba ta magani da dokoki. Ta bi rabi ta bar rabi. Shayi mai sukari dai a gaban mutane kaɗai ta daina sha. Can sai tafin ƙafarta ya koma kamar tana taka auduga. Daga nan abin ya hau hannu. Da farko ji take kamar kiyashi na yawo a kan yatsunta, daga baya kiyashin ma suka tafi, wurin ya yi shiru. Wata safiya ta ɗauke murfin tukunya daga kan wuta, ba ta san ta ƙone ba sai da ta ga fatar ta tashi. Ta cusa hannun cikin zani ta waiga ko wani ya gani. Babu wanda ta gaya wa, har Malam Dabo.

Kitson bai lalace ba, wannan ne ma abin da ya cuce ta. Hannu ya san hanya, tsaga tana fita sumul, shuku yana tsayawa kamar an zana. Sai dai da yake ba ta jin gashin a yatsunta, gani take kamar zai sulluɓe, sai ta ƙara damƙa. Gwajin ma ya zama wasan kwaikwayo. Idan ta ja da gaske, mai kyau da marar kyau duk tsinkewa suke, don ba ta san ƙarfin da take sawa ba. Saboda haka sai ta naɗe silin a yatsa, ta ɗan motsa hannu, ta gyaɗa kai kamar ta ji wani abu. Mata kuwa har yabo suka ƙara, wai kitson Inno yanzu ya fi daɗewa. Ka san mutanenmu, kitson da bai hana mace ɗaga gira ba gani suke ba a yi komai ba. A sha maganin ciwon kai a kwana a kife, gobe a fito ana yanga.

Sadiya mai awara ce ta fara biya. Yarinya ce mai sanyin hali da gashi mai laushi, tun tana 'yar makarantar allo a tabarmar Inno ake mata kitso. Bayan kitson sallah ƙuraje suka feso mata a gaban goshi. Da ta zo tsifa, ƙananan kitson gaba suka biyo hannunta har da saiwa. Ba ta zo ta yi faɗa ba. Kawai ta koma ɗaura ɗankwali har bisa gira, idan ta ɗauko bokitin awararta kuma sai ta tsallaka ɗaya gefen lungun. Haulatu ce ta kawo labarin, a gaban mata uku da ke jiran layi. Inno ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce ai yaran yanzu a ɓoye suke shafa man miƙar da gashi, idan ya cinye musu kai su nemi wanda za su laƙa wa. Matan suka ce ƙwarai kuwa. Maganar ta zaga Sabo kafin la'asar.

Inno kuwa ta san ƙarya ta yi. Ta san kan Sadiya fiye da yadda ta san nata. Tun daga ranar ta rage surutu, idan ta hango ɗankwalin nan da ya sauko har gira sai ta shiga neman wani abu a cikin gwangwanin mai. Sau da yawa takan ce daga wannan kan ta daina. Sai wata ta yi sallama ta zauna, ita kuma ta ɗauki kibiya, don ba ta san me ake yi da yini ba idan ba kitso.

Ana cikin haka autarta Zakiyya ta dawo gida goyon ciki. Kan Zakiyya shi ne allon tallan Inno. Tun ranar da gashin yarinyar ya isa kamawa babu hannun da ya taɓa shi sai nata, kuma Zakiyya tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: da uwar ta tsaga layin farko sai barci ya kwashe ta a kan cinya, sai an gama a tashe ta. Aure ya kai ta Shasha gidan Mansir direban motar tumatir. Da ta dawo, kullum kanta cikin hula, Inno kuma ba ta matsa ba, don ita ma tana gudun ranar da za a ce ta kama kan.

Zakiyya ta sauka lafiya, aka samu mace. Aka shiga wankan jego safe da yamma, ruwa yana tafasa ana tsoma ganye ana fyaɗa mata. Ranar da ake gudu ta zo da jajiberin suna, don mai jego ba ta fita gaban 'yan suna da tsohon kai, balle 'yar Inno Mairo. Dangin Mansir ma sun riga sun aiko cewa su kitson za su zo kallo, jaririya daga baya.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Haulatu ta zo ta karɓi jaririya ta zauna a bakin ƙofa. Zakiyya ta cire hula tana sunkuyar da kai. Daga saiwa zuwa kamar gaɓar yatsa gashinta ne na gado, baƙi mai cika. Daga nan zuwa ƙarshe kuwa ya miƙe ya yi ja-ja kamar gemun masara. Ta ce cikin ne ya yi nauyi, kan ya cukurkuɗe, Sabo ta yi nisa, wata maƙwabciya ta kai ta salun aka shafa mata mai. Inno ta wanke ta tas da Hausa, da Hausar ta ƙare ta ɗora da Yarbanci. Zakiyya ta bari ta gama, sannan ta ce jo, don Allah Inno, ƙananan shuku take so, irin wanda aka yi mata ranar kai ta ɗaki.

Da ido ma Inno ta san kan nan yana da hatsari. Inda sabon gashi ya haɗu da wanda mai ya dafa, nan yake karyewa, ga tiririn ruwan jego ya ƙara busar da shi. Amma ko zai ɗauki shuku, ko sai dai a lallaɓa shi, wannan yatsa ne zai faɗa. Ta zare sili daga mataji, ta tsoma a ruwa, ta naɗa. Babu abin da ta ji. Ta gyaɗa kai, ta ce bismillah, ta tsaga.

Ta gama na farko, ta gama na biyu. Kitso ya fito kamar a lashe. Haulatu tana jijjiga jaririya tana ce mata ta buɗe ido ta ga kakarta, wadda ba ta iya tuwo ba amma ta iya kai. Inno ta kama na uku daga gefen hagu, wajen da gashi ya fi taushi. A nan ta lura da wani abu: cinyarta ba ta yi nauyi ba. Zakiyya ba ta yi barci ba. Wuyanta a sandare yake, hannunta ya damƙe bakin tabarma har karan ya karye. Inno ta leƙa fuskarta, ta ga wutsiyar idon ta ɗage sama, fatar gefen goshi ta yi tsiri-tsiri, hawaye yana gangarawa cikin kunne.

“Auta, da zafi ne?”

“A'a Inno, ci gaba. Ba komai.”

Inno ta dubi zaninta. Guntayen gashi ne birjik kamar an zubar da ganyen shayi. Ta saki kitson. Ta sake zaro sili ɗaya daga mataji, ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta kai shi baki. Ta jiƙa shi, ta riƙe gefe ɗaya da leɓe, ta ja ɗayan da hannu. Leɓen ya ji abin da yatsa ya daina ji: kafin silin ya ce zai motsa ya rabu biyu. Ta tura hannu ƙarƙashin ɗankwalinta ta cizgo furfurarta guda ta gwada. Ta biyo, ta koma. Furfurar tsohuwa mai suga ta fi gashin autarta rai, ita kuma ta ɗora masa jan da ko igiya sai ta yi ƙara.

“Yaya Mairo, yunwar ce ta kai ki cin gashi?” in ji Haulatu. “Ki bari a ɗora tukunyar suna mana.”

Inno ba ta rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta miƙa mata hannu biyu ta ce ta mintsine ta. Haulatu ta ce yau ga ranar da ta daɗe tana jira, ta kama ɗan yatsa ta murɗe tana dariya. Inno tana kallonta kawai. Haulatu ta sa farce ta danna har wurin ya yi fari. Sai dariyar ta tsaya.

“Tun yaushe?” in ji Haulatu.

“Tun kafin kan Sadiya.”

Zakiyya ta juyo a hankali, don wuyan ba ya juyuwa da kyau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kin sani, Inno, kika zaunar da ni?”

Inno ta dubi kitson nan uku. Ta kai hannu za ta tsefe, Zakiyya ta kauce. Wannan kaucewar ta fi komai yi mata ciwo. Haulatu ta miƙa wa Inno jaririya, ta ɗebo man kaɗe ta shiga warwarewa da kaɗan-kaɗan. Biyu na farko suka fita da asarar da ba ta taka kara ta karya ba. Na ukun ya taho da nasa. A gefen hagu, saman kunne, wuri kamar faɗin babban yatsa ya zama fili, fatar ta yi ja.

Ranar suna Zakiyya ta fito da manyan kalaba guda biyu sako-sako, aikin Haulatu, masu kama da igiyar ɗaure akuya, an rufe da ɗankwali har kunne. Gida ya cika, ana ta rabon waina da shinkafa. Yayar Mansir, Ummukulthum, mace mai son a san ta iso, ta ce oya, amaryar jego, a zame ɗankwali su ga abin da suka biyo hanya dominsa. Zakiyya ta sunkuya. Haulatu ta buɗe baki za ta ce mai jego ba ta son iska a ka, Inno ta riga ta.

“Babu kitso. Hannuna ya mutu, ba na jin abin da nake kamawa. Na fara na ci mata gefen goshi.” Ta ɗan tsaya, ta duba cikin matan Sabo da ke zaune. “Na Sadiya ma ni ce. Ba ta taɓa shafa komai ba.”

Wata ta ce Allah ya sawwaƙe, wata ta ce fele, wato sannu da Yarbanci, aka koma cin abinci. Amma ka san an ji. A wurin ma mata biyu suka kai hannu suna shafa gaban goshinsu.

Bayan suna Inno ta yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage. Ta ce to, tunda leɓe yana ji, mata su riƙa zuwa ta gwada musu, wata mai lafiyar hannu ta yi kitson. Ta manta a inda take. A Sabo, inda mace ke tattara gashin tsifarta ta ƙulle ta cusa a rami don kada wani ya samu ya kai wa boka, wace ce za ta miƙa gashinta a sa a baki? Ta farko da aka yi wa tayin ta ce a'uzubillahi ta ɗauki mayafinta. Baranda ta koma wurin shanyar kayan jaririya. Malam Dabo, da ya ji komai a bakin mutane, sai ya kwashe gwangwanin sukari ya kulle a akwatinsa, ya kuma daina tsayawa cin amala. Yana zuwa ya zauna ya haɗiye gudajin nan, ita kuma ta fi son da ya yi mata faɗa.

Ta je wurin Sadiya da kanta, da man kaɗe da alayyadi a leda. Ta same ta tana suyar awara a ƙofar gida. Sadiya ta gaishe ta da ladabi, ta ɗaga ɗankwali ba tare da an roƙe ta ba. Wurin ya yi sumul yana ƙyalli, irin fatar da Inno ta san ba a cika samun tsiro a kanta ba. Sadiya ta ce gashi dai na Allah ne. Abin da ya tsaya mata shi ne uwar mijinta da ta ji maganar mai, ta yi ta kiranta maƙaryaciya a gidan, ita kuma ta rantse har ta gaji. Ta karɓi ledar ta ajiye a gefe, ta juya awararta. Ba ta ce Inno ta zauna ba.

Saura gefen hagun Zakiyya. Uwa da 'ya suna gida ɗaya har a yi arba'in, magana tsakaninsu ba ta wuce miƙo zani, karɓi yarinya. Haulatu ce ke shafa mata mai. Amma kowace safiya bayan wanka, Inno takan zo ta tsaya a bakin ƙofa. Da farko Zakiyya yi take kamar ba ta gan ta ba. Daga baya ta fara zame ɗankwalin da kanta ta karkata kai. Idon Inno ya yi rauni, yatsa kuma babu, don haka sai ta durƙusa ta ɗora leɓenta a kan filin nan, ta tsaya, tana neman ko da ƙaiƙayin tsiro.

Ranar da Mansir ya aiko keke ya kwashi kaya, ta sake durƙusawa. Ta daɗe a wurin fiye da kullum.

“Akwai?” in ji Zakiyya.

“Tukuna dai.”

Zakiyya ta mayar da ɗankwali ta ɗaure. Ta goya 'yarta, ta kai ƙofa, sannan ta ce ba tare da ta waigo ba, za ta leƙo ranar Juma'a a sake dubawa. Inno ta bi su har bakin lungu, ta dawo ta ɗauki kujerar tsugunno daga baranda ta shigar da ita ɗaki.